Malam Sodangi Mai Ma'ana Bakwai

Duk ƙasar Kurfi, kai har ka dangana da Dutsin-Ma, ba a haifi wanda ya sha Turanci kamar Malam Sodangi ba. Shi da kansa ya faɗa, wa ya isa ya musa? Ƙananan 'yan boko su ne ke jin magana su fassara. Shi kam Allah ya ɗaukaka shi. Kalma guda zai cafke, ya zazzage maka ma'anoninta kaf, ya bar ka ka zaɓa. Shi ya sa ake ce masa Mai Ma'ana Bakwai, yana amsawa har da gyara hula.

Da ciwon huhu ya shiga shanun ƙauyen Wurma, aka turo likitar dabbobi rigakafi, 'yar bautar ƙasa daga kudu, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. Maganin kuma kaɗan ne, makiyaya suka jera shanunsu a layi. Sodangi ya jawo bajiminsa, wanda yake ji da shi fiye da kowa a gidansa, ya ɗaure can gefe cikin inuwa. Bin layi ai na jahilai ne. Sannan ya naɗa kansa tafinta.

Likita ta buɗe baki ta ce "shot" ke nan, ya ɗaga hannu.

"Dakata, 'yata. Jama'a, kalmar nan da ta faɗa ba ta yara ba ce. Tana nufin allura. Tana nufin harbin bindiga. Tana nufin ɗaukar hoto, tana nufin buga ƙwallo."

Wani dattijo ya ce, "To Malam, wacce take nufi?"

"Baffa, ilimi ba ya son gaggawa. Saura uku."

Baiwar Allah ta dubi allurar hannunta, ta dubi shanu, ta yafito makiyayin farko. Shi ma bai nemi fassara ba, ya kama ƙaho. Layi ya yi ta ja. Malam kuwa ya haye kututture, ya juya musu baya, yana yi wa 'yan kallo ruwan ilimi. Har likita ta tausaya, ta kira shi tana nuna bajimin nasa.

Ya ce, "Kun ji ko? Wannan ma ma'anarta biyar."

Sai da maƙogwaro ya bushe ya sauko, ya kwance bajimi, ya jawo shi da ƙasaita. Likita ta kifa kwalbar maganin, ta girgiza, ko ɗigo. Ta faɗi kalma ɗaya tak.

Sodangi ya buɗe baki zai fara jero ma'anoni, ya mayar ya rufe. Wannan kam har bajimin ya gane abin da take nufi.