Kumandan da Kaset Mai Guntuwar Wutsiya

Ba zan taɓa mantawa da washegarin Sallar layya ta bara ba. Ko na so in manta ma, 'yan kasuwar albasa ba za su bar ni ba.

Kowa a Malanville Kumandan yake ce mini. In ka cire tsohuwata, ban san mai kiran sunana na yanka ba. Sunan yana jikin motona, wato babur ɗina, yana saman ƙofar butik ɗina, shagona na kasuwa, da jan fenti. Kuma ba wani ya laƙaba mini ba, ni na zaɓa da kaina (abin da ya fi ci mini rai ke nan).

Muna yara akwai wani Baba Tanko mai rumfar bidiyo a bayan tasha, dala biyar ka shiga ka samu benci. Yana da wani kaset na mutanen da suka shiga jirgi suka lula cikin taurari, wata dabba mai kama da tarwaɗa tana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ingilishi suke yi, ba mai ji, sai Baba Tanko ya tsaya gefen tele da sanda yana fassara mana, rabi Hausa rabi Dendi. Shugaban jirgin wani dogo ne mai furfura, ba ya dariya, in ya ɗaga yatsa kowa ya nutsu. Shi ne Kumandan.

Sai dai inji ya tauna wutsiyar kaset ɗin. Daidai inda dabbar ta fasa ƙofa, Kumandan ya miƙe tsaye, sai hoto ya ɓace. Nan Baba Tanko zai gyara hula ya ƙarasa mana da baki: yadda Kumandan ya tura mutanensa cikin ƙaramin jirgi su tsira, ya tsaya shi kaɗai ya rungume dabbar suka ƙone tare. Wallahi na sha kuka a rumfar nan. Tun daga lokacin na ce a riƙa kira na Kumandan, wanda ya ƙi mu dambace.

Na girma ban daina ba da labarin ba. Har lokacin da nake neman matata Ramatu sai da na gaya mata cewa ni irin mutumin nan ne, in jirgi zai nutse a kogi ni ne na ƙarshen fita. Ta ji labarin har ta haddace, in na fara sai ta tashi ta duba tukunya.

To, ƙanenta Mumuni, wanda ba ya da aiki sai tsokanata, ya zo mana Salla daga Garou. Ya ce ya samo fim ɗin nan nawa a salula, cikakke har ƙarshe, kuma da Faransanci. Mai hankali da ya kulle ɗaki ya kalla shi kaɗai tukuna. Ni fa? Na fitar da tele tsakar gida aka haɗa da salular, na aika aka kira maƙwabtana na kasuwa, na sa Ramatu ta soya nama, bayan la'asar gida ya cika. Na ma nemo sanda na tsaya gefen tele ina fassara, alhali rabin mutanen sun fi ni jin Faransanci.

Tun da wuri abin ya fara wari. Mutanen jirgin suna ta gunaguni cewa shugabansu ya ɓoye musu ruwan sha. Mumuni ya kalle ni. Na ce masu juya harshe ne suka ɓata magana, a bar wannan, a jira ƙarshe.

Aka zo wurin. Dabba ta fasa ƙofa, mutumina ya miƙe. Na buga sanda a ƙasa na ce, "Ku buɗe ido da kyau, yanzu za ku ga namiji."

Jama'a, gudu ya yi. Ba ƙaramin gudu ba, har hularsa ta faɗi. Ya bangaje wata tsohuwar likita, ya faɗa ƙaramin jirgin shi kaɗai, ya datse ƙofa, mutanensa suna dukan gilashi suna roƙo. Ashe dabbar ta riga shi shiga ciki. Yana ihu yana kiran uwarsa ta haɗiye shi, takalminsa kawai ta tofo.

Ni kuwa sanda na hannuna ban san inda zan sa ta ba. Sai Mumuni ya miƙe a hankali ya ƙame ya sara mini. Shi ke nan, dariya ta ɓarke, wani har ya ƙware da nama. Na duba Ramatu ko za ta rufa mini asiri. Tana share hawaye da gefen zane ta ce, "Kumandan, in gobara ta tashi gidan ga, don Allah ka bar muna ƙofa buɗe."

Kashegari na tafi wajen Baba Tanko ina huci. Ya tsufa, yana zaune ƙofar gida yana cin goro. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, ya saurara har na gaji.

"Ɗana, ni ma ban taɓa ganin ƙarshen ba," in ji shi. "Haka na sawo shi kasuwar Gaya. In kore ku gida ba ƙarshe? To, mi ya faru?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har tari ya kama shi, sannan ya ce ai nasa ya fi kyau. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na shafe sunan daga butik da moto, a banza. Da can da fara'a ake kira na, yanzu sai an haɗa da sarawa. Ko ɗan dako ya sulale ya bar buhu a rana sai ka ji an ce ya yi Kumandan. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ni kuwa na yabi nawa kaset bai ko ƙare ba. Yanzu ko wa aka yaba mini, sai in tambaya ko an ga ƙarshensa.