Kilim Ta Rasu a Gwangwani na Uku

Da zuciya cike da baƙin ciki, da riga jiƙe sharkaf da gumi, Malam Annur Jimet na unguwar Digel, a nan Injamena, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ce masa "rage mini hanya", rasuwar na'urar sanyin motarsa, wadda gida da waje aka fi sani da Kilim. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakar gida, a hannun mai ita, a tsakiyar watan Afrilu da aka fi bukatarta. Ya so ya rubuta sanarwar da kansa, amma takardar tana ta jiƙewa da gumi. Shi ya sa muka karɓi alƙalamin, mu maƙwabta da muka ga komai ta kan katanga.

Marigayiyar ba 'yar nan ba ce. An haife ta a wata ƙasa mai sanyi inda ba a san darajarta ba, ta yi ƙuruciyarta a zaune, ba aikin fari ba na baƙi, har aka sako ta a jirgin ruwa zuwa Duwala, daga can ta iso mana. Shekarunta babu wanda ya sani. Dillali ya ce takwas, takarda ta ce goma sha biyar, makaniken da ya leƙa ya ce shi ba zai shiga tsakani ba. Abin da aka tabbatar shi ne ta yi shekara bakwai a gidan Annur ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Mai haƙuri ce, ba ta da yawan magana. Da safe in aka danna mata maɓalli sai ta ce "tak", ta ɗan yi shiru, sannan ta ce "fuuu", shi ke nan zancenta har yamma. Ba ta bambanta mai kuɗi da talaka, sai dai ta fi son na kujerar gaba, na baya kuwa abin da ya ragu suke samu. Ta sanyaya amare, ta sanyaya mai naƙuda, ta sanyaya wani rago da aka ɗauko ranar jajiberin salla, wanda har aka kai shi turke yana waigen motar. Tana kuma da riƙon sirri. Duk faɗan da Annur ya taɓa yi da matarsa Amne a cikin motar nan aka yi shi, gilashi a rufe, muna ganin baki na motsi ba ma jin komai, abin da har yau yake mana ciwo.

Amma babban aikinta na ranar Juma'a ne. Alhaji Bishara, mahaifin Amne, surukai biyu gare shi. Akwai Hisen, mai fataucin shanu, wanda in ya yi tari a taron dangi ake cewa "sannu, Alhaji". Akwai kuma Annur, ma'aikacin ofishin awon yanayi, wanda in ya yi tari ake matsawa. Duk da haka, shekara bakwai cur, kowace Juma'a da sha biyu da rabi, motar Annur tsohon yake shiga zuwa masallaci, a kujerar gaba, a idon jama'a. Ba ya cewa uffan a hanya, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Annur ya duba kansa, ya duba Hisen da tsohuwar a-kori-kurarsa mai warin shanu, ya gane cewa sanyin nan ne kaɗai ya fi shi da shi. Wannan rabin awar ita ce duk mutuncin da yake da shi a gidan surukai, yana kuma sonta har cikin ransa. Sai ga shi watan jiya Hisen ya sayo jif sabuwa dal.

Ciwon ajalin ya soma ne sati biyu da suka wuce. Maimakon "tak" ɗaya, sai ta koma "tak, tak, tak", tana kamawa tana saki, numfashinta ɗumi-ɗumi. Juma'ar da ta gabata, Annur ya ga tsohon ta gefen ido ya zaro hankici yana goge wuya. A ƙofar masallaci Hisen ya taho da fara'arsa ya riƙe murfin mota.

"Baba, ka jiƙe haka? Juma'a mai zuwa ni zan zo in ɗauke ka. Tawa sai ka ce a rage."

Tsohon ya ɗauki dardumarsa ya shige.

Amne ta ce a kai ta wurin masu gyara a Dembe. Annur, wanda ke kiran matarsa da sunan 'yarsu ta fari, ya ce, "Am Sadiye, mutumin da ke auna zafin gari gaba ɗaya ne zai kasa auna na motarsa?" Ya riga ya kalli wani bature a waya ya yi aikin cikin minti shida, da hannu ɗaya, yana murmushi. Ya ɗaga bonet, ya duba fiyus ya same shi lafiya, ya taɓa bel ya ji shi a ɗaure, ya wanke gaban motar da tiyo har kajin gidan suka samu tafki. Marar lafiya dai ta ci gaba da "tak, tak".

A nan ne Ngaradum, maƙwabcinmu mai gyaran firiji, ya ji tausayi ya shigo da ruwan sabulu a kwano. Ya bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, har wata ta soma kumfa. Wani ɗan zoben roba ne ya tsufa, gas na zurarewa ta wurin. Ya canza shi, ya zuƙe iskar ciki da injinsa, ya ɗaura agogon awo, ya nuna wa Annur inda ake jona gwangwanin gas. Dole mu faɗa saboda tarihi cewa a wannan lokacin marigayiyar ta kama hanyar warkewa. Sai aka kira Ngaradum wani aiki. Yana bakin ƙofa ya juyo.

"Gwangwani ɗaya ya ishe ta. Allurar agogon na shiga kore, ka cire hannu. Ka ji ni, maƙwabci? Kore."

Annur ya ce ya ji. Abin da Ngaradum bai sani ba shi ne gwangwani uku Annur ya sayo, suna nan a cikin leda, don a cewar Annur ba a zuwa dubiya da abu ɗaya a hannu.

Wanda bai taɓa cin tuwo a gidansu Annur ba zai yi wuya ya fahimci abin da ya biyo baya. A gidan, "na ƙoshi" na farko kunya ce, na biyu ladabi ne, sai a na uku ake ɗaga kai a duba fuskar baƙo. In ka rufe kwano da hannu, ta gefe za a zuba maka. An taɓa fitar da ɗayanmu daga gidan a rirriƙe. Da wannan tarbiyya Annur ya tada mota, ya murɗa sanyi har ƙarshe, ya buɗe gwangwanin farko.

Allura ta hau a hankali ta zauna a kore. Marigayiyar ta ce "tak", ta ce "fuuu", da muryarta ta da. Amne ta zura hannu ta ji sanyi.

"Abu Sadiye, ta warke. Rufe bonet ka zo ka ci abinci."

"Ɗaya? Bayan sati biyu tana fama? Kunya take ji."

"Ngaradum ya ce kore."

"Ngaradum firiji ya sani. Firiji a ɗaki yake zaune. Wannan Baba za ta ɗauka da tsakar rana."

A gwangwani na biyu allura ta shiga ɗorawa, murya ta koma "gurrr". Can sai marigayiyar ta ce "tak" ta ɗauke, ta ƙi ci gaba. Ya sake tada ta, ta sake ɗaukewa. Mutumin da aikinsa ke nan a ofis, ya zauna ya karanta allura ya rubuta abin da ta ce, ya kalli wannan allurar ya ce da matarsa, "Kin gani? Duk mai kawaici haka yake, sai ya rufe baki." Ya samo guntun waya ya haɗa maƙunnin da ke kashe ta in ta cika, don kada ta ƙara samun damar ƙi. Sannan ya jona na uku.

Ba ta daɗe tana shan wahala ba. Allura ta haye ja ta jingina da bango. Muka ji "gwararar", muka ji bel ya ce "kiiii", wari ya tashi, sai wani farin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka haye katanga zuwa wajenmu. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsssss", ta ja ta da tsawo, ta yi shiru.

Da Ngaradum ya dawo ya ga gwangwanaye uku a ƙasa, sai ya juya ya dubi Annur.

"Ita ta ce tana son ƙari?"

"Ba ta ce ba ta so ba."

"Sau biyu ta kashe kanta, maƙwabci. Da wane yare kake so ta gaya maka, Faransanci?"

Ya taɓa kwamfiresa, wato zuciyarta, ya ce ta ƙame, bututu kuma ya fashe. Ya raɗa wa Annur kuɗin sabuwa a kunne, Annur ya nemi wuri ya zauna a ƙasa.

Ta rasu ta bar fanka, wadda ke ta hura zafi ita kaɗai ba ta san an yi rashi ba, da maɓallai uku marayu, da rediyo mai kama tasha ɗaya. Ta kuma bar ƙanwarta hita, mai ɗumama mota, wadda tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa aikin yini guda ba, kuma tana nan garau, ko ciwon kai ba ta yi.

Ana godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa. Ana godiya ta musamman ga Hisen, wanda ya zo ranar Laraba, ya tsaya a ƙofar gida bai kashe jif ba, ya sauke gilashi faɗin yatsa huɗu ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa. Juma'a kada ka damu, na ɗauke maka." Daga nan Annur bai ƙara cin abin kirki ba. Ba zafin ne ya dame shi ba, zafi a cikinsa aka haife shi. Ya san jibi zai tsaya a bakin masallaci ya ga tsohon ya fito daga motar wani, kuma shi da hannunsa ya jawo.

Yau Alhamis bayan la'asar, sai ga Alhaji Bishara da kansa, a ƙasa, da sandarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma, Amne ta kawo shayi. Annur ya durƙusa, kansa a sunkuye.

"Baba, gobe Hisen zai zo. Tawa ta mutu. Ni na kashe ta."

"Na ji. Allah ya yi maka albarka."

Annur ya ɗago.

"Shekara bakwai abin nan yana cin gwiwoyina," in ji tsohon. "Duk Juma'a in na dawo sai an gasa mini su da ruwan zafi."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na dube ka sama da ƙasa, na ga ba ka da abin taƙama sai shi. In karɓe maka?" Ya kurɓi shayi. "Shi kuma Hisen, daga gida har masallaci farashin bijimai zai yi ta karanta mini. Kai kana barin mutum ya yi tasbihinsa." Ya dafa sanda ya miƙe. "Sha biyu da rabi. Ka sauke gilashi in gaisa da mutane, an daɗe ana cewa na yi girman kai."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi. Ngaradum ne zai ciro gawar, za a ɗauke ta a baro zuwa wurin 'yan gwangwan da ke bayan kasuwa, inda za a ɗora ta a sikeli. Limamin unguwa ya roƙi kada a sa sunansa cikin wannan al'amari. Zaman makoki a gindin dalbejiyar ƙofar gida ne, kowa ya zo da maficinsa.

Gobe Juma'a ba za a karɓi gaisuwa ba daga sha biyu zuwa biyu, mai rashin zai fita da surukinsa. Yanzu haka yana tsakar gida da filaya da man ja, yana lallaɓar gilashin gefen tsohon, wanda shekara bakwai ba a taɓa sauke shi ba.