Man Kaɗanyata a Taga ta Bakwai

Jama'a, yau da safe na sha kunya a gaban mutum kusan arba'in. Na goge kwat ɗin da rabona da ita tun bikin 'yata Rumasa'u, na hau jirgin ƙasa daga Incheon zuwa wancan ofishi na masu hatimin izinin shigo da kaya, da ɗan gwangwanin man kaɗanya a aljihun ƙirji. Zafin Agusta a ƙasar nan kun san shi. Kafin lambata ta fito a allo, man ya narke ya bi rigata har cibiya. A haka na tsaya gaban Mai Girma Sarkin Taga ta Bakwai, ina ƙyalli kamar soyayyen kifi, ina masa bayanin cewa kayana ba ruwansu da zafi.

Shekarata goma sha tara a Koriya ina tura tsofaffin injinan mota gida, lafiya lau. Bara ne tsautsayi ya kai ni taron maraba da baƙin 'yan kasuwa a wani otal. Furanni tun daga ƙofa har ban ɗaki. Manya tara suka jeru da farar safar hannu, suka yanka ƙyalle ɗaya da almakashi tara. Babbansu, Allah ya ja zamaninsa, ya ce daga yau taga ɗaya tak baƙo zai je ya gama komai. Duk ɗakin ba wanda ya kai ni tafi. Ina fitowa na buga wa yayata Gambo waya a Zuru, na ce ta tara matan ƙungiyarsu su hau dakan kaɗanya, Koriya ta buɗe. Mata sittin suka yi wata uku suna aiki. Yau watan kayansu biyar a wani sito a bakin teku, ni kuma in na ga kiran Gambo sai in kifa wayar.

A ba manya haƙƙinsu, ba su yi ƙarya ba. Tagar ɗaya ce. Ita ce ke gaya maka sauran shidan da za ka bi.

Sarkin Taga mutum ne mai ladabi, fuskarsa sumul kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare. Ya karɓi takardata da hannu biyu har da rusunawa.

"Ranka ya daɗe, nan an ce ka jera abubuwan da aka haɗa man da su. Layi talatin ne, ɗaya ka cike."

"Ai ɗayan ne, yallaɓai. Kaɗanya."

"Sai me?"

"Sai ƙarfin hannun yayata."

Ko murmushi bai yi ba. Ya juya shafi. "Ka rubuta a jikin gwangwani cewa yana goge tamojin fuska. Mai wannan iƙirari sai ya kawo shaidar gwaji." Ya ɗaga kai ya ƙura wa goshina ido, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce a hankali, "Kai ma kana shafawa?"

Na ce a soke layin. Ya ce sokewa ba a tagarsa ake yi ba.

Na dawo unguwa na faɗa shagon Inna Bang, mai miyar kifi a ƙasan benenmu, wadda ba ta taɓa barina na fita da mutuncina ba.

"Baban Rumasa'u, tukunya ka faɗa?"

"Inna, ƙasarku ce. Yauƙin dodon-koɗi kuke shafawa a fuska, amma man itace sai an kai shi gwaji."

"Shi dodon-koɗin ya cike takardunsa," in ji ta, ta dire mini kwano. "Dubi kayanka fa, gwangwani kamar na man takalmi. Jikata kala goma take shafawa kafin ta fita, kowace kwalba kamar ka ajiye a falo. Kai ka zo da abu ɗaya mai warin hayaƙi ka ce a kai shi fuska. Ci abincinka."

Ina cikin ci ta zare silifas ta ɗora ƙafa kan kujera. Ashe gwangwanin da na ba ta kyauta lokacin sanyi, a diddige ta ƙarar da shi. Kaushin da ya shekara talatin yana yaga mata safa ya tafi. Ta nuna wa tsofaffin da suke haɗuwa a gidan wanka, yanzu su goma sha huɗu ne ke nemana. Ni da na kwana ina mafarkin hoton 'yan mata a manyan kantuna, sai na ajiye cokali na bi diddigen da kallo.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Sarkin Taga ne da kansa, murya ƙasa-ƙasa. Wai mahaifiyarsa na cikin sha huɗun nan, ta hana shi sakat wata guda, sai yau ya gane ni ne mai man.

Na ce, "Ai sai in aiko mata da kwali guda."

"A'a, ranka ya daɗe! Kyauta a wurina cin hanci ce."

"To ka saya."

"Ba ka da izinin sayarwa."

Can ya ce in kawo sabuwar takarda ranar Litinin, in cire maganar fuska gaba ɗaya, in rubuta ƙafa. Wai a haka ba za ta wuce mako biyu ba.

Nan take na kira Gambo, karo na farko cikin wata biyu. Ta tambaya ko matan Koriya sun fara shafawa. Na ce a hankali muke hawa, yanzu dai muna diddige. Ta yi dariya har da tari, ta ce da na tambaye ta tun farko da ta hutar da ni. Su ma can a ƙafa suke shafa shi. Na fuska kuwa, ɗan Koriya suke saya a kasuwa.

Ban kai wa Inna Bang wannan labari ba tukuna. Ku ma, don Allah, ku rufa mini asiri.