Ɓeraye Sun Riga Hajiya Magani

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinka," in ji Hajiya Rekiya, ko tabarma ba ta nuna ma jikanta ba. Sau biyu ke nan tana ƙin zuwa asibiti a yi mata gashin ciwon dajin da ke mamanta. 'Ya'yanta sun yi lallashi har sun gaji, sai suka turo jikanta Mutawakkil daga jami'a a Dutsin-Ma zuwa Kurfi, don shi kaɗai ke gaya mata magana son ransa.

"Amarya, tashi, mota na jira."

"Angon da ko goro bai kawo ba! Na fasa gashin nan. An ce kana haɗa sabon magani, shi zan jira."

"Karanta shi nake, ba haɗawa ba."

"To mi ne ne?"

"Wasu 'yan ƙwayoyi ne, garin tuwo ma ƙato ne a kansu. A haɗa su da wani furotin mai farkawa in ya ga haske, a kai su cikin ciwon. In aka haska na'urar hoton ƙashi, sai su kawo haske can ciki, furotin ɗin ya kashe mugun nama ya bar mai lafiya."

"Wato tocila za ka mai da ni! In an ɗauke wuta a jingine ni tsakar gida."

"Da mun huta da sayen batir."

"Ja'iri. Kawo in sha."

"Bai kai ga mutane ba. Kan ɓeraye ake gwadawa."

"Ɓeraye? Su cinye mani gero, su kuma riga ni magani?"

"Su ba su tsere ma likita."

"Ni sai yaushe?"

"Shekara goma, ko fiye."

Tsohuwa ta sassauta murya. "Tsoro nake ji, Mutawakkil. Ƙawata Fatu ta tafi gashin nan, ba ta dawo ba."

"Fatu ta makara ne, Hajiya. Likita ya ce ke da sauran lokaci. Ni ma tsoron nake ji, shi ya sa na zo." Ya share ido da sauri. "Kuma in kin tafi, wa za ta aure ni da wannan ƙeyar?"

Dariya ta ƙwace mata har da tari. "Gaskiya ba mai kwasarka." Ta laluba ƙarƙashin filo ta miƙo masa ƙullin ƙuli-ƙuli. "Ungo, ka kai ma ɓerayenka, ka ce su yi sauri, ina nan ina jira. Miƙo mani mayafina."