Dakta Sabi'u Ya Je Neman Aure Maiyama

Duk wanda ya ce Jega ba ta da masani, to bai taɓa zama teburin mai shayin bakin tasha da la'asar ba. Nan Allah Ya ajiye mana Dakta Sabi'u, fitilar ƙasar nan a ilimin sadarwa, mutumin da ya san yadda magana ke fita daga baki ta shiga kunne fiye da yadda mahauci ya san gaɓa. Daktancin nasa ba jami'a ce ta ba shi ba, don shi ba mai jiran a ba shi ba ne. Wani ɗan gajeren kwas ya je yi a Birnin Kebbi, ya dawo da tabarau da jakar hannu da Hausar gidan rediyo. Tun ranar ya daina cewa "wanga" da "munka" irin yadda tsohuwarsa ta koya masa. A ofis aikinsa riƙe lasifika in an yi taro. A bayan idonsa ana kiransa Rediyo Ba Kashewa, amma wannan hassada ce kawai.

Fannin da ya fi gwanancewa shi ne neman aure.

"Soyayya ba sha'anin zuciya ba ne," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Sha'anin saƙo ne. Akwai mai aikawa, akwai saƙo, akwai hanya, akwai mai karɓa. Duk saurayin da kuka ga an ƙi, hanyarsa ce ta samu hayaniya."

Samari su yi ta gyaɗa kai, shayi na hucewa. Gaskiya ne Dakta ya haura arba'in bai taɓa aure ba, amma ya yi bayanin wannan: ba sai likita ya kwanta ciwo ba kafin ya rubuta magani. Wani yaron kirki, Lukman mai gyaran babur, ya taɓa bin shawararsa. Dakta ya koya masa cewa jinkirin amsa yana ƙara wa saƙo daraja, don haka in budurwarsa ta kira, kada ya ɗauka. Lukman ya bi doka sau da ƙafa, har darajarsa ta hau ta hau, ya ji labarin ɗaurin aurenta a bakin maroƙi. Dakta ya nazarci lamarin ya gano ka'ida ba ta yi kuskure ba, yarinyar ce ba ta da ilimin karɓar saƙo.

Ana nan sai abin da likita ke ba da maganinsa ya kama likita. A Aliero ne, wurin taron masu albasa, Dakta na riƙe da lasifika yana gabatar da manyan baƙi. Cikin ayarin matan Maiyama ya hango wata malamar firamare, Hidaya, tana riƙe wa wata dattijuwa lema. Nan take sunan shugaban taro ya ɓace masa, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin sadarwa.

Wani da ba shi da ilimi sai ya je ya yi sallama da yarinya ya ce yana sonta. Dakta bincike ya shiga. Ya gano Hidaya marainiya ce, dattijuwar nan gwaggonta ce mai suna Gudiya, ita ta raine ta. Gudiya mijinta ya rasu da daɗewa, ita ce shugabar matan unguwarsu, in ta ce a yi an yi.

"Alhamdu lillahi!" Dakta ya buga tebur. "Jagorar ra'ayi! Ku saurara, ku ƙaru. Saƙo mai hikima ba ya tafiya kai tsaye, taki biyu yake yi. Daga mai aikawa zuwa jagoran ra'ayi, daga jagora zuwa sauran jama'a. Ka kama gwaggo, ka kama gida."

Sahabi direba, wanda ke jigilar hanyar Maiyama, ya ce, "To Dakta, ita ɗiyar ka gaya mata?"

Dakta ya dube shi ta saman tabarau, cikin tausayi. "Sahabi, shi ya sa har yanzu kake tuƙi."

Daga nan babur ɗin Dakta ya san hanyar Maiyama. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, ga shi da babbar riga sabuwar guga, turare na riga shi isa. A shimfiɗa masa tabarma a zaure, Gudiya ta fito da tirenta tana ɓarar gyaɗa, shi kuwa ya buɗe tasha. Ya yaba hankalinta. Ya yaba iya shugabancinta. Ya ce mace irinta ita ce ginshiƙin al'umma, kuma duk namijin da ya haɗa zuri'a da wannan gida ya gama dacewa. Gudiya ta ce "Awo," ta jefa ɓawo gefe. Dakta ya koma Jega ya sanar cewa martani yana da kyau ƙwarai.

Hidaya ita ke kawo ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, Dakta ya kau da kai ya amsa a daƙile, ko kallonta bai yi ba. Wannan ma ka'ida ce: abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada, kuma Dakta ya ƙudurta kallonsa sai ya yi tsada. Yarinya ta ɗauki tirenta ta koma ciki tana cewa a ranta, wannan bawan Allah akwai kamun kai.

Saura taki na gaba, wato jan ra'ayin taro. Dakta ya bayyana wa almajiran teburinsa cewa ɗan Adam tsoron zama shi kaɗai yake, in ya ji kowa na faɗin abu sai ya bi. Ya umarci Sahabi ya riƙa sakin magana a mota, Mamuda mahauci ya riƙa saki a rumfarsa: Dakta zai yi aure gidan Gudiya. Kada a ambaci suna, don saƙon da aka bar wa giɓi ya fi kama zuciya. Ba a jima ba magana ta cika Jega, ta tsallaka Aliero, ta kai har Kuberi. Jama'a kuwa ba sa son giɓi, suka cike shi da abin da idonsu ya gani duk Juma'a.

Da lokacin tambaya ya yi, al'ada ta ce mutum ya tura manyansa. Dakta ya ƙi. Duk saƙon da ya bi ta bakin wani, in ji shi, sai ya gurɓace. Shi da kansa zai je, kuma 'yan teburin shayi su raka shi su ga yadda ake yi, har da Lukman, ko ya koyi inda ya kuskure.

Zaure ya cika. Malam Umar Faruk, yayan Gudiya, shi ne babba a wurin. Dakta ya miƙe ya gyara riga ya soma daga Annabi Adamu. Ya bi ta tarihin ƙasar Kabi, ya ratsa muhimmancin iyali, ya sauka kan abin da ya kira tauraruwar gidan nan, mai natsuwa, mai tarbiyya, wadda ta hana shi barci tun ranar da ya gan ta a Aliero. Inuwa ta juya, wani tsoho ya yi gyangyaɗi ya farka ya tarar ana nan. Suna dai bai fito ba. Mai zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma mai neman aure gara ya faɗa.

Da ya zauna, Malam Umar Faruk ya yi gyaran murya.

"Malam Sabi'u, mun gode. Maganar ga mun daɗe muna jin ta ga bakin mutane. Amma ka san bazawara ba a yi mata dole, ita ka zaɓa da kanta. Gudiya, kina ji?"

Daga bayan ƙyaure murya ta fito, a natse.

"Ina ji, Yaya. Na yi shawara da zuciyata, na yi istihara. Malam mutumen kirki na, ba ni da abin cewa ga halinai. Amma marigayi shekara da shekaru munka zauna, maganar da yay yi mini duka ba ta kai ta Malam ta Juma'a guda ba. Kunnena ya tsufa. A ba shi haƙuri."

Mamuda ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ƙofa a buɗe take har yanzu: kalma ɗaya Dakta zai furta, ya ce Hidaya yake nufi, a yi dariya a gyara zance. Ya buɗe baki. Sai ya hangi idanun 'yan teburin shayi a kansa, ya tuna cewa furta kalmar nan daidai yake da cewa saƙon Dakta Sabi'u bai isa ba. Tsakanin mata da ka'ida, Dakta bai yi wata-wata ba.

"Na karɓi martani," ya ce da murya irin ta labaran ƙarfe bakwai. "Dama haka na yi hasashe."

Aka yi fatiha, aka watse. Yana ƙofar gida yana fama da babur da ya ƙi tashi, sai ga Hidaya ta fito da mayafinta. Ta durƙusa har ƙasa, idonta ya yi rau-rau. Dakta ya gyara tsayuwa. Ashe taki na biyu ya yi aiki!

"Baba, don Allah ka yi haƙuri," ta ce. "Wallahi na so abin ga ƙwarai. Kullum in ka tahi sai na zauna na roƙi Gwaggo ta amince da kai. Na yi iyakar ƙoƙarina, ta ƙiya."

Ta miƙe ta koma ciki. Dakta ya tsaya riƙe da kan babur, bakinsa a buɗe, ba abin da ke fita. Lukman ne ya matso ya duƙa ya tayar masa da inji.