Yadda Za Ka Yabi Littafin Surukinka Ba Ka Buɗe Shi Ba

Shekara ta ƙare, dangi za su taru cin abinci, kowa zai faɗi abin da ya karanta, kai kuwa ko takardar magani ba ka kai ƙarshenta ba? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ka tashi daga teburin nan kana malami, wannan alkawari ne. Da su na horar da maƙwabcina Branimir a nan garin Pirot na ƙasar Sabiya. Surukinsa Tihomir, tsohon direban jirgin ƙasa, ya buga tarihin rayuwarsa, shafi ɗari huɗu, ya damƙa masa tun Janairu. Shekara goma Branimir yana son tsohon nan ya ce masa "ɗana", tsohon kuwa "mijin Milunka" kawai yake kiransa.

1. Nemo littafin
Branimir ya tarar da nasa a ɗakin ajiya, ya danne murfin gangar kabejin tsami tun Oktoba, don dutsen da ake danne murfin da shi ya ɓace. Kada ka ji kunya. Littafi mai nauyi ba ya rasa amfani.

2. Tsufar da shi
Murje bangon, ɗiga masa kofi. Amma kul ka buɗe ciki! Karatu yana dagula wa mutum ra'ayi.

3. Tara abin da ka karanta bana
Kalanda littafi ce. Haka jadawalin bas. Branimir ya kai goma sha ɗaya, sai matarsa Milunka ta leƙo ta ce, "Malam, kalandar ma ai a Maris ka tsaya." Rabu da ita, hassada ce.

4. Yabi ƙarshen
Kowa na iya yabon farko. Ƙarshe ne ke nuna gwani.

Ranar taron, bayan an zuba kabeji da nama, Branimir ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, babin ƙarshen nan ya sa ni hawaye."

Tsohon ya ajiye cokali. "Babin ƙarshe, ɗana?"

Ɗana! Daɗi ya kama Branimir har kunnuwansa suka yi zafi.

5. Idan ka ga ta karɓu, ƙara gishiri
"Sau biyu na karanta shi, Baba. Na biyun ma a tsaye."

Tihomir ya jawo littafin da Branimir ya zo da shi, ya shinshina, ya kalli kwanon kabeji. Sannan ya buɗe tsakiya. Fari fat. Ya buɗe gaba, fari fat, har bango.

"A shafi na arba'in na tsaya, inda na haɗu da marigayiya uwar Milunka," in ji shi. "Hannuna ya kasa. Sai na rubuta a ƙasa: wanda ya iso nan, ya zo in ba shi sauran da baki. Mutum tara na ba littafin nan. Tun Janairu nake zaune kusa da ƙofa."

Ni kaina da nake can gefe, sai na ture kwanon kabejina.

Gargaɗi
Duk abin da ya same ka, babu hannuna, babu ƙafata. Ban ce ka gwada a kan marubucin da ke raye ba. Branimir dai yanzu kowace Lahadi yana can da biro, tsohon na faɗa, shi yana rubutawa. Sun kai shafi na sittin. Har yau "mijin Milunka" ake ce masa, amma an fara ajiye masa kujera.