Idon Ɗan Zabo

Shekarar da na kammala jami'a aka tura ni koyar da kimiyya a Talatar Mafara, lokacin da aikin madatsar Bakolori ya cika garin da leburori. Shugaban makaranta ya ce zai shigo ajina ya ga koyarwata kafin ya damƙa mini 'yan ajin ƙarshe. Na ƙudura zan nuna masa abin da bai taɓa gani ba, wato yadda wani sinadari mai suna enzayim yake taimakawa wajen gina tantanin ido tun tsako yana cikin ƙwai.

Na sayi ƙwan zabi a tasha, wurin matan da ke ciyar da leburori. Ban tambayi kowa komai ba, domin mai digiri ba ya neman fatawa a tasha. Na jera su cikin kwali kusa da fitila, ina juya su safe da yamma kamar ni na saka su.

Da ranar ta zo, na yi dogon bayani cikin zaɓaɓɓiyar Hausa, na rufe da cewa, "Yanzu za ku ga ido, baƙi wuluk." Na ƙwanƙwasa ƙwan, babu abin da ya tsiyayo. Na ɓare shi, sai ga shi a sandare, ga wari.

Shugaba ya toshe hanci ya ce, "Malam, wanga ai dahwahwe na! Lebura ɗanye zai sha?"

Wani malamin aka bai wa ajin ƙarshe. Har yau, ko wurin suna na je Maradun, sai wani ɗalibina ya durƙusa ya gaishe ni da cikakken ladabi, sannan ya ce, "Malam, ya ɗiyan zabi? Sun hwara gani?"